Munduwar Mahaifiyata da Tsanwar Fata

Shekarun baya, tun gemuna bai gama fitowa ba, na taɓa haukacewa a kan launi. Launi fa na ce, ba budurwa ba, ba doki ba. Ku da kuke zama rumfar nan kuna damuna da tambayar inda na koyi tsanwar fatar da nake sa wa gafaka, to yau ku gyara zama ku ji.

Gidanmu a Boɗinga gidan dukanci ne tun kakanni. Mahaifina mutumin jar fata ne. Majema su kawo masa fatar akuya da ta sha bagaruwa ta yi laushi, ya jiƙa karan dafi ya rina ta ja wur, ya ja mata layi da baƙin kuloko, in ya ga dama ya ɗan taɓa rawaya a gefe. Launi uku ke nan, kuma a wurinsa duniya ba ta da bukatar na huɗu. Ni ma a haka na tashi, ina yanka, ina ɗinki, ina shan faɗa idan layina ya karkace.

Wata shekara da kaka ayarin Azbinawa ya sauka a zangon bayan gari da raƙuma da gishiri. Ina zaune ni kaɗai a rumfa, mahaifina ya tafi gaisuwar mutuwa, sai ga wani dattijo dogo, fuska a naɗe, ya miƙo mini jakarsa wadda maratayinta ya tsinke. Na karɓa ba tare da na ko duba ba, na ɗauko basilla. Da na juya jakar, wallahi sai da na soke yatsana.

Ja ce kamar tamu, amma an huda jar fatar an fitar da 'yan tagogi ƙanana masu kusurwa uku, ta ƙarƙashinsu wani launi yana leƙowa. Ba shuɗin marina ba ne, ba kuma koren ganyen dawa ba. Yana nan tsakaninsu, irin na fiffiken tsanwaka idan ta tashi daga kan kuka rana ta haske ta. Ja mai zafi a sama, wannan abu mai sanyi a ƙasa. Na kalla, na sake kallo, jini yana ɗiga a cinyata ban ma sani ba.

Na ce, "Baba, don Allah wanga launi mi aka yin shi da shi?"

Dattijon ya yi dariya a cikin rawaninsa. Hausarsa a karye take, amma na fahimta. Ya ce aikin matansu ne. A goge jan ƙarfe ya zama gari, a zuba a nono mai tsami sosai, a sa gishiri, a bar shi ya kwana ya kwana har ya juya. Sannan a shafa wa fata a shanya. Ya kuma ɗaga yatsa ya ce kada yaro ko kaza su kusance shi, guba ne.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Na ɗinke masa maratayin na ƙi karɓar ko wuri ɗaya. A ganina ni na ci riba. Tun kafin ya kai zango na riga na ga kaina ina zaune a kasuwar Sakkwato, malamai da fatake suna layi a gabana.

Da mahaifina ya dawo na tare shi tun a ƙofa, ina ba shi labari numfashina yana sarƙewa. Ya saurara har na gama, ya cire takalmansa, ya ce, "Na san ta. Aikin matan Azbin ne. Mu ja munka gada." Ya shige ciki abinsa.

Ni kuwa ina! Abin ya riga ya shiga kaina. Nono ba wuya, gishiri ba wuya, jan ƙarfe ne matsala. Maƙeran garinmu maƙeran baƙi ne, garma da lauje suke yi. Na je wurin ɗayansu na tambaya, ya dube ni sama da ƙasa ya ce ko ina so ya haɗa mini da zinariya. Maƙeran fari na birni kuwa ba sa zubar da ko ƙurar da ta faɗo daga magagari, tattarawa suke su sake narkawa. Na koma gida na zama kamar mara lafiya. Tuwo ba ya shiga, magana ɗaya nake yi, duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya ji labarin jakar Ba'azbine har ya gudu.

To, a nan mahaifiyata ta shigo. Ni ne ɗan farinta, kun kuma san yadda abin yake a wurinmu. Ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai wanga," ko "yaron nan," iyakarta ke nan. Ba ta zama hira da ni, ba ta yabona a gaban kowa, ko ciwo nake sai dai ta aiko ƙanwata da kunu. A hannunta na hagu akwai munduwa guda ta jan ƙarfe, mai kauri, mai kai biyu kamar albasa. Uwarta ce ta sa mata ita a shekarun da ake ta ƙaura ana gudun yaƙi, kafin su rabu rabuwar da ba su sake haɗuwa ba. Ita kaɗai ta rage mata daga gidansu. Da ita take daka, da ita take wanka, tun da na buɗe ido ban taɓa ganin hannun nan babu ita ba.

Wata safiya ina zaune a tsakar gida na rafka tagumi, ta gama surfe, ta zare munduwar da ƙyar ta ɗora a bakin turmi. Ba ta kalle ni ba. Kaji take kora tana magana.

"In mutum shina son garin ƙarfe, ya goga daga ciki inda ba a gani. In ya gama ya maido inda ya ɗauka."

Ta shige ɗaki. Na daɗe ina kallon turmin nan kafin na iya miƙa hannu. Munduwar da ɗuminta.

Na aro magagari, na shimfiɗa tsumma, na goga a hankali har gari ya taru kamar cikin cokali. Na mayar da munduwa bakin turmi. Na zuba garin a ƙoƙon nono, na sa gishiri, na ɓoye a bayan rumbu. Kullum sai na leƙa ya fi a ƙirga. Ranar da na ga gefen ƙoƙon ya fara juyawa, kai, na yi tsalle har na buga kaina da gindin rumbu. Ga shi nan! Launin jakar nan sak, yana kwance a kan nono.

Na ruga rumfa na zaɓo farar fatar da ta fi kowace kyau, wadda ta sha jima har tana naɗewa a hannu kamar alkyabba. Na shafa, na shanya, na tsaya a kanta ina gadi. Tana bushewa tana duhu, tana bushewa tana duhu, har ta koma launin bayan tukunya.

Na ce gishirin ne bai yi ba. Aka sake ajiye munduwa a bakin turmi, na sake gogawa, na nemo gishirin ayari na ainihi. Bayan tukunya. Na ce rana ce ta ƙone shi, na shanya a inuwa. Bayan tukunya. Na ce fatar ce ba ta jemu sosai ba, na je har wurin majema na roƙe su su ƙara wa wata guda bagaruwa, su bar ta ta daɗe a ciki. Wannan ita ta fi duka baƙi. Abin da ya fi ci mini rai, a cikin ƙoƙo launin yana nan raɗau yana mini dariya, da ya taɓa fata sai ya mutu.

Ban san sau nawa na yi ba. Abin da na sani, munduwar da a da sai an yi kokawa take fita, yanzu da kanta take zamowa har bayan hannu idan mahaifiyata tana daka. Sai ta tsaya ta tura ta sama, ta ci gaba. Duk tsayawar da ta yi sai in kau da kai. Amma da na tuna tagogin jakar nan, sai in ce wannan karon dai za a dace.

Ranar da mahaifina ya gane, akushi take miƙa masa. Ya riƙe akushin bai sauke ba, idonsa a kan hannunta.

"Mi ya ci munduwarki haka?"

Ta sakar masa akushin ta koma bakin murhu. Ya juyo kaina. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci irin na ranar ba, kuma bai ɗaga murya ba, wanda ya fi duka ciwo. Ya ce fatun da na ɓata bai dame shi ba, akuya ba ta ƙare a ƙasar nan ba. Amma abin da mace ta rage da shi na uwarta, in mayar da shi ƙura in zuba a ruɓaɓɓen nono, wannan ba neman sana'a ba ne, rashin hankali ne. Na sunkuyar da kai, don gaskiya ya faɗa.

Sai muka ji mahaifiyata daga bakin murhu, tana gyara itace, kamar da wutar take magana.

"Munduwa dai tawa ce. A bar shi ya ƙara guda."

Mahaifina ya sauke akushin. Can ya ce, "Guda. In ba ta yi ba, kada in sake jin maganar wanga launi cikin gidan nan."

Na yanke shawara a raina cewa nono ne ke cutata. Na talla ne nake saye, wa ya san ruwan da aka ƙara masa? In dai karo na ƙarshe ne, sai na je inda nono yake da gaskiya. Ina da aboki Bafillace a wata ruga kusa da Shagari. Tun muna yara suke sauka da shanunsu a gonarmu bayan girbi, su ci kara su bar mana taki, a nan muka saba. Shi yana ce mini Kaɗo, ni ina ce masa ɗan daji.

Da safen da zan tafi na ɗauki munduwa a bakin turmi na zauna gogawa. Ta riga ta zama siririya a tsakiya kamar tsinken tsire. Ina lallaɓawa, ina lallaɓawa, sai ji na yi ƙas. Ta rabu biyu a hannuna.

Wayyo Allah. Na zauna da guntaye biyu, ɗaya a kowane hannu, na rasa inda zan sa kaina. Na tashi na ɗora su a bakin turmi, na koma gefe na tsaya. Mahaifiyata ta fito, ta gani. Ta ɗauka, ta haɗa bakinsu wuri ɗaya kamar za su manne, ta sake rabawa. Ta ƙulle su a bakin zanenta.

"Rana tana yi," in ji ta. "Mai tafiya Shagari ya kama hanya."

Na ƙulle garin a tsumma na rataya a wuya kamar laya, na hau jaki. Har na wuce Sifawa ban daina share ido ba.

Abokina ya tare ni da ihu tun daga nesa. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, ya riƙe ciki yana dariya. "Kaɗo, mutane suna zuwa rugarmu su sha nono, kai ka zo ka ba shi ƙarfe ya ci?" Mahaifiyarsa kuwa ba ta ga abin dariya ba. Da ta ji za a zuba ƙurar ƙarfe a nono, ta yi salati ta tattare ƙoranta kamar an ce annoba ta shigo. Ta ce ko kusa da inda take jera su ba za a yi wannan ɓarna ba. Sai da abokina ya yi ta lallashi, na kuma ba ta labarin munduwar, sannan ta shiga bukka ta fito da wata tsohuwar 'yar tukunya mai ɓallen baki. Ta cika ta da tsala mai tsamin da ke sa ido ruwa, ta ce mu tafi da ita can bayan garke, kuma kada tukunyar ta dawo mata.

Na zuba garin da gishiri a ciki, na yi kwanaki a rugar ina jira. Da rana in bi abokina kiwo, rabin hankalina yana kan tukunyar da muka rataya a reshen aduwa don kada maruƙa su kai baki. Shi kuwa lokacin wani molo yake haɗawa. Ya samu ƙoƙo, ya feƙe sanda, ya kankare gashin fatar wani ɗan akuya ya shanya ta bushe fara fat, yana jiran ya ja ta a kan ƙoƙon. Kullum sai ya ɗauko ta ya ƙwanƙwasa da yatsa ya ce in ji yadda za ta yi amo.

Da haɗin ya nuna, tabɗi! Bai taɓa yin kyau irin na wannan karo ba. Ya yi kauri, ya yi launin nan har cikin tsakiya. Na ce a yau sai Boɗinga, don a can na ajiye fatar da na tanada, wadda majema suka ce ba su taɓa jeme irinta ba. Sai kuma ga matsala: yaya za a ɗauki tukunya mai ɓallen baki a kan jaki? Faifai ba zai riƙe ba, mahaifiyarsa kuma ba za ta ba da nata ba ko da zai riƙe. Muka duba nan, muka duba can. Abokina ya yi tsaki, ya ɗauko fatar molonsa ya jiƙa ta ta yi laushi, ya rufe bakin tukunyar ya ɗaure tam da igiya.

"Aro na ba ka, Kaɗo. Muna isa ka ba ni abata. Dama ina da man shanu da zan kai kasuwarku."

Muka kamo hanya, tukunya a cikin mangala an tokare ta da ciyawa. Lafiya lau har Lambara. A nan jakin nan nawa, wanda tun da nake da shi bai taɓa sauri don Allah ba, ya hango wata jaka a bakin rijiya. Ya ɗaga kai ya yi kuka, ya zabura. Ina gudu ina ihu, abokina yana gudu yana dariya, ina jin tukunya tana ɓulum-ɓulum a cikin mangala. Kafin mu kama shi haɗin ya yi ta dukan murfin har ya tsattsafo ta gefe. Na zagi jakin nan zagin da sai da na yi istigfari.

Mun isa gida da la'asar sakaliya. Na kwance igiya, na yaye fatar da ta yi kaca-kaca na wurga ta kan danga ban ko kalle ta ba. Abin da ya rage a tukunya bai fi rabi ba, amma zai isa. Washegari da hantsi na shimfiɗa fatata mai daraja, na yi bisimilla, na shafa. Abokina yana tsugune a gefe, yau babu tsokana. Muka zuba ido.

Ta fara duhu daga gefe.

Ban jira ta gama ba. Na tashi na koma bayan rumbu na zauna a ƙasa. Shi ke nan, munduwa ta tafi, launi bai zo ba. Ina tunanin da wane ido zan ƙara kallon hannun mahaifiyata, sai na ji muryarta daga wajen danga inda take shara.

"Kai wanga."

Ban motsa ba.

"Kai wanga! Zo ka ɗauke tsummanka."

Muryar ce ta tashe ni, don ban taɓa jin ta da irin wannan rawar ba. Na zagayo. Tana tsaye, tsintsiya a ƙasa, ta riƙe fatar molon abokina da hannu biyu ta juyo cikinta waje. Ta bushe a kan danga tun jiya. Daidai faɗin bakin tukunya, da'ira guda kamar faifai, ga launin nan. Shi ne. Shi ne wallahi! Ba duhu, ba dabbare, yana ɗaukar ido a cikin rana kamar yanzu aka ciro shi daga jakar Ba'azbine.

Ihun da na yi sai da kaji suka watse. Na fizge fatar, na murza da yatsa, bai fita ba. Na tofa yawu na goga, bai fita ba. Na rungume abokina muka faɗi tare a kan turmi. Na tashi na yi waje da gudu, ba hula ba takalmi, ina ɗaga fata sama ina cewa, "Ta yi! Ta yi!" Mutanen unguwa suka leƙo suna tambaya ko haihuwa aka yi. Abokina yana bina a baya yana ihu, "Fatar molona! Kaɗo, fatar molona!"

Na faɗa rumfar mahaifina har na ture kaskon karan dafi. Ya buɗe baki zai yi faɗa, na shimfiɗa masa ita a cinya. Ya ɗaga ta ya duba a haske, ya shinshina, ya lanƙwasa ta ta yi ƙara kamar busasshen ganye. Ya ɗan ciji gefenta. Sannan ya dubi abokina.

"Ɗana, wa ya jeme wagga fata?"

"Ba wanda ya jeme ta, Baba. Gashi kawai na kankare na shanya."

"Ba ta ga bagaruwa ba?"

"Ko kusa."

Mahaifina ya ajiye fatar. Kafaɗunsa suka fara motsi. Na zaci kuka zai yi, ashe dariya ce, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba, har yana share hawaye da hannun riga. Ya ce, "Bagaruwa ce! Bagaruwa ce ke cinye shi! Kai ɗan baduku, ni baduku, wa zai ce mana a rina ɗanyar fata?"

Kun ji inda gizo yake saƙar. A gidanmu fatar da ba ta bi ta hannun majema ba, ba fata ba ce, ko rumfa ba a shigowa da ita. Shi ya sa duk lokacin da na kasa, sai in nemo wadda ta fi shan bagaruwa, ina ƙara nisa da abin da nake nema ina ganin gyara nake. Dattijon nan kuma bai ɓoye mini komai ba. A wurinsu kowa ya san ɗanya ake shafa wa, bai ga abin faɗa a ciki ba.

Mahaifina ya ce shuɗi ne, abokina ya ce kore ne, suka yi ta musu har azahar. Ni dai tsanwa nake ce mata. A ranar mahaifina ya nuna mini cewa tun da ba ta da laushi, ba a yin jaka da ita ɗungurungum, sai dai a yanka ƙanana a sa a ƙarƙashin ja, a huda taga ta leƙo. Mutumin da ya ce ja muka gada, shi ya kwana biyu yana zana mini yadda za a jera tagogin a murfin gafaka. Bayan sallah da ƙafarsa ya tafi birni ya shirya da wani maƙerin fari yana tara mana ƙurar magagari. Abokina kuwa sai da na biya shi da fatu biyu, kuma har ya tsufa yana gaya wa mutane cewa molonsa ne ya koya mini sana'a.

Amma wannan da'ira ta farko ban sa ta a gafakar kowa ba. Na aiki ƙanwata ta karɓo mini guntayen munduwa. Na haɗa bakinsu, na ɗaure da zare, na naɗe da jar fata mai taushi don kada ta ci hannu. Sannan na yanka tsanwar siri-siri na jiƙa, na bi jikin munduwar da ita ina naɗawa, na bar kawunan nan biyu a waje suna ƙyalli. Ban taɓa yin ɗinki da natsuwa irin na ranar ba. Da na gama na kai bakin turmi na ajiye, na koma gefe.

Ta fito, ta gani, ta ɗauka. Ta juya ta, ta sake juyawa. Ta zura a hannun hagu, ta zauna daram ba ta zamewa. Ta ɗauki taɓarya ta ci gaba da daka. Amma na lura dakan ya daɗe fiye da yadda gero yake bukata, kuma ta juya mini baya.

Yau shekaru sun tura. Na sa tsanwa a gafakar malamai, na sa a kuben takobi, na sa a takalman amare. Masu saye suna cewa tana sanyaya ido, wasu malamai suna son ta don ta yi kusa da kore, kuma na koya da kaina cewa kaɗan ake sa ta, in ta yi yawa sai ja ya rasa bakin magana. Idan yaro ya zo koyo wurina ya kasa abu, kafin in ce ya ƙara ƙoƙari sai na tambaye shi wane abu ne yake yi don kawai haka ya tarar ana yi. Har yanzu kuma, duk ranar da na buɗe tukunya na ga nono ya juya, ƙirjina yana bugawa kamar ranar farko.

Mahaifiyata ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, kuma har ta koma ga Allah ba ta kira sunana ba. Sai dai ƙanwata ta ba ni labarin abin da ban taɓa gani da idona ba. Ta ce duk gidan biki ko suna da suka je, sai Inna ta san yadda ta yi ta miƙa hannun hagu wajen karɓar ƙwarya, ko da an yi mata kallon rashin ladabi. Mata su kama hannun su ce, "Kai, wagga munduwa! Aikin wa?"

Sai ta janye hannunta, ta gyara mayafi, ta ce, "Wani yaro ne nan gidanmu."